Ranar da Na Ɓoye Butar Ladan

Godiya ta tabbata ga Allah da ya saukar da cuta, ya kuma saukar da maganinta. Sunana Rukaya, tela ce ni a unguwar Maamobi, kuma rubutu ba sana'ata ba ce. Abin da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro shi ne jinyar mahaifina, Malam Issaka, wanda duk unguwa ke kira Baba Ladan. Duk mai tsoho a gida da ke fama da tari, ya zauna ya karanta wannan. Abin da ya cinye mana makonni ba wani babban abu ba ne, kuma zai iya faruwa a gidan kowa.

Tun kafin a haife ni Baba ke kiran sallah a ƙaramin masallacin lungunmu. Ba shi da shago, ba shi da fili, ba shi da mota. Numfashi yake da shi. Idan ya ja "Hayya alas salah", sai mace ta gama ɗaura zani ta nemo takalmi bai sauke ba. Har mutanen unguwar Nima da ke ƙetaren babbar kwata sun san muryarsa. Tun da mahaifiyarmu ta rasu, wannan kiran ne ke tashinsa daga tabarma kullum, kuma na sani sarai cewa ranar da aka raba shi da shi, zama zai yi ya jira mutuwa. To, wannan numfashin ne ciwon ya zo ɗauka.

Tarin ya fara bayan Babbar Sallah. Muka ce hayaƙin babbakar kawunan raguna ne, don a lungunmu ranar nan ko gabanka ba ka gani. Na dafa masa citta da lemun tsami, na zuba zuma. Ƙanwarsa, Goggo Memuna, mai sayar da doya a kasuwar Agbogbloshie, ta zo da prekese, wani ɗan itace da ake magani da shi, da wasu ɓawon itace, ta tafasa har gidan ya ɗauki wari. Wani maƙwabci ya ce man kaɗanya za a shafa a ƙirji, wani ya ce a daina ba shi ruwan sanyi, alhali Baba rabonsa da ruwan sanyi tun ina goye. Da mako na biyu ya wuce, na je kemis, mai kemis ya ƙirgo mini wasu kafso ya ce a sha safe da yamma. Tarin ya lafa na 'yan kwanaki, muka yi ta hamdala, sai ga shi ya dawo da zazzaɓi da zufa.

Ni ta wajen ɗinki na gane abin ya wuce wasa. Kaftanin da na ɗinka masa na Sallah, da hannuna na auna shi, ya zauna masa ɗas. Wata guda bai cika ba, wuyan ya yi masa yawa, kafaɗa ta zubo. Kuma a kiran Azahar na ji ya yanke numfashi a inda bai taɓa yankewa ba. Na tashi daga kan keke na same shi a ƙofar masallaci.

"Baba, gobe asibiti."

"Uwata, mura ce," in ji shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

"To, uwarka ta ce gobe asibiti."

Wanda bai taɓa bin layin asibiti a garin nan ba, kada ya ce ya san haƙuri. Layin kati daban, layin awon jini daban, layin ganin likita daban, kuma ko'ina sai an ce ka koma waccan tagar. Mun fita gari bai gama wayewa ba, ba mu ga likita ba sai da rana ta take. Ya saurari ƙirjin Baba, ya ba mu 'yar kwalbar roba mai murfi, ya ce da zarar ya tashi daga barci ya yi kaki a ciki, mu kawo. Ni gidan mijina yana can gaban kasuwa, don haka sai hantsi na biyo na karɓi kwalbar na hau trotro, wato motar haya. Aka duba da madubin likita, aka ce ba a ga komai ba. Aka ba mu maganin sanyin ƙirji na mako biyu.

Mako biyun nan Baba ya ƙara zubewa. Koko ma sai ya kurɓa kaɗan ya ture. Muka koma, aka tura mu babban asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji, likitan can ya ɗaga hoton ya nuna mini wani duhu a saman huhun dama. Ya ce yana zargin tarin fuka, wato tibi, amma akwai wani inji da zai tabbatar, ba kamar madubi ba, shi ko ƙwayoyin cutar kaɗan ne zai gano su. Aka sake ba mu kwalba. Na farko injin ya ƙi karantawa, wai akwai ɓarɓashin wani abu ja a ciki. Goro ne, ba sai an faɗa mini ba. Na hana Baba goro, muka sake kaiwa. Wannan karon sakamako ya fito, wai ba a gano tibi ba.

A nan ne Goggo Memuna ta samu bakin magana. Ta zo da yamma, ta ajiye kwandonta, ta riƙe ƙugu.

"Madubi ya duba bai gani ba. Inji ya duba bai gani ba. Rukaya, ke da kika yi boko, gaya mini, wace cuta ce ke cin mutum inji bai gan ta ba? Wannan aikin hannu ne. Kuma na san mai shi."

Malam Seidu take nufi, wani bakanike da ke riƙe wa Baba kiran sallah in ya yi tafiya. A ganinta shi ne ke son kujerar, kamar ladancin masallacin lungu wata sarauta ce mai albashi. Ta riga ta gama magana da direban motar doya da zai koma arewa ranar Asabar, zai ɗauki Baba ya kai shi wajen wani mai magani a ƙauyen su kakanmu. Na ce ba inda za shi. Ta ce ita ta riga ni saninsa. Muka yi sama-sama har maƙwabta suka fito. Baba kuwa yana kwance yana jinmu, ya ce shi duk inda aka kai shi daidai ne, in dai zai dawo da numfashinsa. Wallahi na ji tsoro, don na san idan aka ɗora tsohon nan a kan buhunan mota aka yi wannan doguwar tafiya da shi, gawarsa ma ba lalle mu gani ba.

Ranar Laraba na koma asibitin ni kaɗai, ba kati, ba layi, na tsaya a tagar ɗakin gwaji na ce ba zan tafi ba sai wani ya yi mini bayani. Wata mata mai farar riga ta fito, Madam Efua, ita ke aiki da injin. Ba ta jin Hausa sosai, ni kuma yarensu na Twi, nawa na kasuwa ne, muka haɗa da Turanci muka fahimci juna. Na ce mata injinku ya yi ƙarya. Ba ta yi fushi ba. Ta ga tef ɗin awo a wuyana, ta ce, "Ke tela ce? Kawo jakarki."

Ta zuge zif ɗin jakar, ta riƙe ɓari ɗaya. Ta ce kowace ƙwayar cuta tana da wani siririn zare a cikinta wanda ta gada, da shi ake gane ta, kuma na tibi daban yake da na kowa. A cikin ɗan akwatin roba da suke zuba kaki su sa a injin, akwai wasu ƙananan guntaye da aka ƙera kamar ɓari ɗaya na zif, ba sa kamawa sai sun haɗu da ɗaya ɓarin, wato zaren tibi. Injin yakan fara ninka zaren har ya yi yawa. Idan guntayen suka kama, sai su yi haske, injin ya gani. Idan kuma ƙwayar ta canza haƙori ɗaya don ta bijire wa babban magani, wani guntun ba zai rufe ba, nan ma injin zai faɗa musu cewa mai taurin kai ce.

Ni da na yi shekaru ina fama da zif ɗin da bai dace da ɗan'uwansa ba, nan take na gane. Na ce to me ya sa bai kama na Baba ba? Sai ta faɗi maganar da har yau take kunnena: "Injin ba ya ƙarya, amma ba ya ganin abin da ba a ba shi ba." Ta ce kwalbar da na kawo miyau ne a ciki, tsararo kamar ruwa. Su abin da suke so shi ne mai kaurin nan da ya kwana a ƙasan ƙirji, wanda ke fitowa da tarin farko. Ta tambaye ni, "Kin taɓa tsayawa kin ga lokacin da yake yi?" Na ce a'a. Ta miƙo mini sabuwar kwalba.

Na kwana gidan Baba. Kafin asuba na ji tarinsa, na leƙo ta labule ban yi magana ba. Ya fito a hankali yana dafa bango, buta a hannu ɗaya, filas a ɗaya. Ya tsuguna a bakin kwata, ya tsiyayi ruwan zafi mai gishiri da kanumfari, ya ɗaga kai yana kurkure maƙogwaro. Sannan ya shiga kaki. Jama'a, na ga abu! Mai kauri, rawaya, har da ɗan jini-jini, yana fitowa yana zubarwa a kwata yana bin sa da ruwa. Sai da ƙirjin ya washe tas, ya yi asuwaki, ya yi alwala, ya tafi ya kira sallah. Bayan sallah ya zauna lazimi har rana ta fito, ya dawo ya sha koko. Sai a lokacin ya ɗauko kwalbar likita daga kan taga, ya ce bismillah, ya tofa mata miyau.

Na fito cike da haushi.

"Baba, dama haka kake yi duk kwalaben nan?"

"To da yaya zan yi?"

"An ce da ka tashi daga barci! Abin da likita ke nema ga shi can ka aika kwata!"

Ya dube ni kamar ni ce ba ni da hankali. "Uwata, tun ina saurayi ban taɓa fara harkar duniya kafin sallah ba, kuma kwalbar likita harkar duniya ce. Sannan ladan ba ya tsayawa gaban lasifika da maƙogwaro a cushe. Haka malamina ya koya mini. Kina so in tara ƙazanta a kwalba, in wanke hannu, in je in kira sunan Allah?"

Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo masa bayanin zif. Ya ce zif na tela ne. Ranar Alhamis ce, motar doya kuma Asabar. Na san Baba, in ya kafe ko Liman sai ya haƙura. Don haka da yamma na bi gidan hayar da Baba ke zaune ɗaki ɗaki, na gaya wa matan gidan abin da ake ciki, na tattara duk wata buta da ke gidan, har da bokitin bakin famfo da filas ɗinsa, na kulle a ɗakin girki, na ɗaure makullin a bakin zanina.

Da asubar Juma'a ya fito yana lalube. Ya duba bayan ƙofa, ya duba gindin taga. Ya je ƙofar maƙwabci, babu. Ya juyo ya gan ni tsaye a tsakar gida da kwalba, na ɗaure hanci da baki da gyale kamar yadda Madam Efua ta ce.

"Ina butata?"

"Tana wajena. Tari uku, Baba, in ba ka."

"Rukaya!" Rabon da ya kira ni da sunana na yanka har na manta. "Lokaci zai shiga. Ban taɓa makara ba. Kina so ki ɗauki alhakin mutanen unguwa?"

"Na ɗauka. Alhakinka ne ba zan iya ɗauka ba."

Wani masallaci can wajen Nima ya fara kira. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma nawa ya kawo, amma ban motsa ba. Tarin da yake dannewa tun da ya farka ya ci ƙarfinsa. Ya fizgi kwalbar, ya juya mini baya, ya ja numfashi ya yi tari tun daga cikin ciki. Da ya miƙo mini, na ga abin da ake nema. Na murɗe murfin, na buɗe ɗakin girki na ba shi butarsa. Ranar ya makara, kuma kiran ya fito a shaƙe, mafi muni da na taɓa ji daga bakinsa. Wuni guda bai yi mini magana ba.

Ni ko a jikina. Na hau trotro na farko, na sa kwalbar a hannun Madam Efua. Ta ɗaga ta duba, ta ce, "Yauwa, wannan shi ne." Kafin La'asar ta kira ni a waya. Guntayen sun kama. Tibi ne, kuma Alhamdulillahi ba mai taurin kai ba, babban maganin zai ci shi. Ban taɓa zaton zan yi murna da jin sunan wannan cuta ba, amma ranar har guɗa na yi a shago.

Goggo Memuna ta karanta takardar sakamakon a juye, ta miƙo mini, ta ce, "To, ai ni dama na ce akwai wani abu." Ta sallami direban doya. Kuma in faɗi gaskiya, daga ranar ita ta ɗauke rabin jinyar. Kullum sai ta aiko da farfesun kaza ko kifi, ta zo da kanta ta tsaya a kansa har ya cinye. A makon farko na magani ta fito daga banɗaki da gudu tana salati, wai Yaya yana fitsarin jini. Ashe maganin ne ke rina fitsari ja, likita ya gaya mini tun farko, ni ce ban sanar da ita ba. Sai da na kira nas a waya ta ji da kunnenta sannan ta zauna.

Gwajin injin da maganin kyauta aka ba mu, wannan kam na gode. Amma kada wani ya ce maka jinyar tibi kyauta ce. Kuɗin trotro, hoton ƙirji, ƙwai da madara da nama don mai shan wannan magani yunwa yake ji kamar me, ga ɗinkin biki da na mayar wa masu shi saboda ba ni da lokaci. Wasu kwastomomi da suka ji sunan cutar suka ɗauke ƙafa, wata har aiko 'yarta ta yi ta karɓi atamfarta ba a ɗinka ba. Allah ya ba su lafiya. An gwada mu duka 'yan gidan, aka gwada mutanen sahun gaba na masallaci, aka samu wani dattijo ɗaya da cutar, shi ma aka ɗora shi a kan magani.

Abin da ya fi yi wa Baba ciwo shi ne hana shi kiran sallah da likita ya yi, na farko don kada ya shafa wa mutane, na biyu don huhun ya huta. Malam Seidu ya riƙe. Duk lokacin da aka kira sallah sai Baba ya juya fuska bango. Amma wannan Malam Seidun da aka ce ya yi masa asiri, shi ne kullum bayan Asuba yake biyowa, ya zauna a bakin ƙofa, ba ya tafiya gareji sai ya ga Baba ya haɗiye ƙwayoyinsa. Yakan ce, "Malam, yi sauri ka warke, wallahi mutane sun gaji da muryata, ni ma na gaji da ita." Goggo ta fara zuba masa farfesu shi ma.

A wata na biyu zazzaɓi ya tafi, zufa ta tsaya, ya fara neman ƙarin tuwo. A wata na uku ya ce ya warke, a daina ba shi ƙwayoyi. Na ce ya san ni ya san buta. Ya miƙo hannu. Haka muka ja har wata shida, gwajin ƙarshe ya fito tas.

Ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Duk likitoci da nas-nas ɗin da muka bi, ba wanda ya tambayi yadda safiyar tsohon nan take farawa. Kowa ya miƙo kwalba ya ce "na gaba". Mai kemis kuma ya sayar mini da kafso bai tambayi tsawon tarin ba, likita ya ce irin wannan yana rufe cutar ne ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Don haka ina gaya muku: tarin da ya wuce mako biyu, a je a gwada. Idan an ba ku kwalba, ku tsaya a kan mara lafiya da kanku, kafin alwala, kafin kurkure maƙogwaro, kafin koko, kafin goro. Na tambayi Liman, ya ce babu laifi ko kaɗan, neman lafiya ma ibada ce. Kuma kada ku ji kunyar tsayawa a taga ku nemi bayani. Allah ya saka wa Madam Efua da alheri, ya raya mata 'ya'yanta.

Likita ya nuna mini hoton ƙarshe, ya ce cutar ta mutu amma ta bar tabo a huhun, kuma makonnin da aka ɓata su suka faɗaɗa shi. Ya ce numfashin ba zai koma kamar da ba. Ban gaya wa Baba ba.

Ranar da ya koma kiran sallah, Magariba ce. Ina shago na ji lasifika ta yi ƙara, sai ga muryarsa. Na tsayar da keke. Muryar tasa ce, ba ta canza ba, amma da ya zo inda yake jan nan nasa, sai ya tsaya a tsakiya, ya ja iska, sannan ya ƙarasa. Na kifa kai a kan keke na yi kuka, na murna da na baƙin ciki a haɗe.

Bayan sallah ya biyo ta shago, ya tsaya a ƙofa yana haki kaɗan.

"Uwata, kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Yaya?"

Ban taɓa yi masa ƙarya ba. "Ya rabu biyu."

Ya gyaɗa kai. "Na sani. Amma an ji?"

"An ji har kasuwa."

"An zo?"

"Masallaci ya cika, har waje aka shimfiɗa tabarma."

"To, ai aikin ke nan," in ji shi. "Share hawayenki. Saura Isha'i."